Goron da Ban Kai Kebbe Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka Ummaru, wanda mutanen Tambuwal ke kira Tafinta, zuwa gare ka a masaukinka na Sakkwato. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai masaukinka da iyalinsa. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a kan hanya, Ya kai ka makarantar nan ta aikin dabbobi da ke ƙasar Jos lafiya. Innarka ba ta ce a gaishe ka ba, ka san halinta da ɗan fari, amma tun ranar da ka hau mota take aike tasha, wai a jiyo mata ko motar Sakkwato ta sauka lafiya.

Ni ma ban fi ta ba. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin nauyin al'adar ba sai yanzu da nake da maganar da dole ka ji daga gare ni. To, abin da baki ya kasa bari alƙalami ya gwada, tun da shi ba shi da ido balle ya ji kunya. Kada ka nemi labarin gida a ciki, gero da dawa suna nan inda ka bar su. Labarin wautar ubanka za ka karanta.

Ana gobe za a yi maka addu'ar tafiya, ina alwala a bayan danga, na ji kakarka ta Sanyinna tana tambayarka ko an kai goro Kebbe wurin Baffanka Buba. Na ji amsar da ka ba ta kana dariya: "Kaka, ai ba wanda yah hana su zuwa. In sun so su taho." Sai da na ajiye butar da ke hannuna. Ba rashin kunya ka yi ba, ba ka ma san nauyin abin da ka faɗa ba. Maganata ce ta fito daga bakinka. Ban taɓa faɗinta a gabanka ba, amma ka taso kana ganin yadda nake yi da Kebbe, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Baffan nan naka, da ba ka san shi ba sai in an haɗu a jana'izar dangi, shi ya rene ni. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, ya bar masa gona da shanu da ni. Da aka ce dagaci ya kawo yaran da za a kai makarantar boko, ni aka nuna a gidanmu, domin shi ba a iya raba shi da garke. A kafaɗarsa na ƙetare gulbi ranar da aka tafi da ni. Bayan haka duk kaka sai ya tako har Sakkwato da ƙafa, da ɗan goran man shanu da dawo a ƙunshe, ya tsaya a ƙofar makaranta har a kira ni.

A can ne Baturen da ke koya mana Turanci ya nuna mana cewa a harshensu kalmar da ake kiran mutum zuwa taro da ita daban take da kalmar da ake ƙyale shi ya shigo. Ya ce ta farko nufinta muna son ka, ta biyu nufinta ba za mu kore ka ba. Na haddace, na ci jarrabawa, har aka yabe ni a gaban aji. Ka riƙe wannan da kyau, domin kada ka yi mini uzuri da rashin sani a cikin abin da zai biyo baya. Na san bambancin sarai.

Da na gama aka ba ni aikin tafinta, ina bin wani Di'o da mutane suka sa wa suna Mai Lofe. Wata rana muna barikin Tambuwal aka ce babban Bature zai wuce, za a yi masa shayin la'asar. Hakimi da alƙali, masinja aka tura musu takanas da takarda. Ni kuwa Mai Lofe yana cusa taba a lofensa, bai ko ɗago kai ba, ya ce ina iya zuwa in ina so. Kalma ta biyu ya faɗa, kunnena ya ji, amma zuciyata ta fassara mini ita yadda take so. Kafin azahar babu rumfar da ban shiga ba a kasuwa, ina ba da labarin an gayyace ni shan shayi da manyan Turawa. Na ari riga mai aska wurin wani maɗinki, na naɗa rawanin da ya fi kaina girma, na hau bariki ina taku ɗai-ɗai.

Na tarar da kujeru daidai da waɗanda aka kira. Na tsaya ina waige-waige, na ga wata babu kowa a kai, har na fara tattara riga zan zauna. Kukun Mai Lofe, wani dattijo ɗan Argungu, ya jawo hannun rigata ya raɗa mini cewa kujerar ta alƙali ce, ni wurina bayan kujerar maigida, ko za a buƙaci fassara. Nan na tsaya har rana ta yi sanyi, gumi yana bin bayana cikin rigar mutane. Boyi ya wuce ni da faranti ya fi a ƙirga, ko kallona bai yi ba. Ba a ma nemi fassarar ba, domin babban Baturen ya fi ni iya karin magana. Da na sauko gari aka tare ni ana tambayar yadda shayin Turawa yake, sai na ce sukari ne ya yi masa yawa. Kukun nan kuwa da safe yana kasuwa sayen ƙwai, kafin hantsi yara suna bina suna tambaya ko a ƙara mini ruwa.

Za ka zauna cikin masu Turanci, za su riƙa ce maka ka zo nan, ka zo can. Ka kasa kunne ka ji wace kalma aka yi maka. In kiranka aka yi, ka je da fara'a, ka zauna inda aka nuna maka. In ƙyale ka aka yi, ka duba ko kana da abin yi a wurin. In akwai, ka je da kayan jikinka na kullum, ka yi abin da ya kai ka, ka fito. Ba abin kunya ba ne a ce ba a gayyace ka ba. Abin kunya shi ne ka zama ɗan gayyar soɗi, ka kuma dawo kana ƙarya a kai. Kayan aro ba ya rufe katara, ni na gwada.

Mai hankali da ya sha wannan, da ya koyi tausayin wanda aka bari a tsaye. Ni abin da na koya shi ne yadda ake barin mutum a tsaye.

Bayan 'yan shekaru muka je rangadi Kebbe. Ana son a shata gandun daji, kuma iyakar da malamin daji ya ja ta haɗa da mashayar da shanun unguwarmu ke sha tun zamanin kakanni. Mai Lofe ba mugu ba ne, in za a faɗi gaskiya. Ya ce za a zauna a ƙofar dagaci, duk mai magana a kan iyakar yana iya zuwa ya faɗa, ya bar mini sanar da mutane. Shi a ganinsa ya buɗe ƙofa, ya yi adalci. Ni kuwa ɗan garin ne. Na san dattijon ƙasarmu ba ya tashi ya je taron manya don ya ji mai shela ya wuce. Sai an tura masa mutum, mutumin ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce ana son a gan ka a ji ta bakinka. In ba a yi haka ba, zuwansa kutse ne, kuma gara masa asara da a ce ya yi kutse. Na san wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Amma ina sanye da farin wando da takalmi sau-ciki, ga masinjoji suna ce mini ranka ya daɗe. Na ga ba girmana ba ne in bi rugage ina durƙusa wa masu warin nono. Na ba mai shela, ya zaga kasuwa da gangarsa, na koma masauki na miƙe ƙafa. Ranar zama babu dattijo ko ɗaya daga masu shanu. Mai Lofe ya duba hagu ya duba dama, ya tambaye ni ko mutane sun ji. Na ce sun ji. Ya ce to tun da ba mai magana, kowa ya yarda ke nan. A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce masa a ƙasar nan rashin zuwa ba yarda ba ne, a ɗaga zaman a tura musu mutum. Aikin tafinta ke nan, ba juya kalmomi kaɗai ba. Na yi shiru, domin in na faɗa zai tambaye ni dalilin da ban tura ba tun farko. Aka kafa turaku, mashaya ta shiga gandu.

Da yamma Yaya Buba ya same ni a masauki. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce, "Ummaru, kana nan anka yanke muna ruwa, ba ka aiko an kira mu ba?" Masinjoji suna zaune suna kallonmu, shi da sandarsa a kafaɗa da ƙafafunsa duk faso. Na ce masa ai an yi shela, ba wanda ya hana su zuwa. Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya ce Allah Ya ba mu alheri, ya juya. Ranin da ya biyo baya sai da suka riƙa kora shanu nesa neman ruwa, tsofaffin da masu ciki da dama ba su ga damina ba.

Kai ma aikin da za ka koya tsakanin Bature da masu shanu zai ajiye ka. Za a ce maka a sanar da mutane ranar allura, ko ranar wani zama. Kada ka ba mai shela ka koma ka kwanta. Ka ɗaura sirdi, ka je wurin arɗo da dattijai ɗaya bayan ɗaya, ka sauka tun daga nesa, ka sha abin da aka ba ka ko da ƙuda a ciki. In ka ga wurin zama babu kowa, kada ka bari a rubuta cewa sun yarda. Ka faɗa wa maigidanka gaskiya ko da kai za ta kama. Faɗan Bature na yini ɗaya ne, ni kuwa ga shi har yau in na wuce turakun nan sai na kau da kai.

Yanzu na zo kan wanda ya fi ci mini rai, kuma ya shafe ka kai tsaye.

Shekarar da ta biyo aka haife ka a nan Tambuwal. Ka san yadda ake yi da sunan ɗan fari. Uba ba ya tsayawa a gaban mutane, ɓuya ma yake yi. Wansa shi ke karɓar baƙi, shi ke gaya wa liman sunan, shi ke tsayawa a kan ragon. Kuma tun kafin ranar, ƙane ne ke tafiya da kansa ya kai wa wansa goro, ya ce an yi mana ƙaruwa, ga ɗanka ya zo. Na sayi goro mai kyau, na raba shi gida-gida. Na kai wa akawu, na kai wa malamin asibiti, na kai wa ma'aji, har kukun nan na ba shi. Kebbe kuwa, na sami wani mai jakuna da ke komawa can ranar kasuwa, na ce in ya ga Buba ya gaya masa an haihu, suna rana kaza, ƙofa a buɗe take in yana so. Ko ƙwaya ɗaya ban ba shi ya kai ba.

Na gaya wa kaina wai aiki ne ya yi mini yawa. Ƙarya ne. Ina jin nauyin haɗa ido da shi saboda mashaya, kuma ina ƙyashin ma'aikata su ga cewa wannan mai sandar shi ne gaba da ni. Na roƙi Malam Sani akawu ya tsaya a matsayin wana, shi da ko sunan kakanmu bai sani ba.

Ranar suna da sassafe ina ɓoye a zauren maƙwabci, sai wanzamin da zai yi maka aski ya leƙo. Ya ce, "Malam, yayanka ya iso. Shina gindin tsamiyar bakin kasuwa, zaune. A tura a shigo da shi." Ashe da saƙon ya same shi bai yi fushi ya zauna ba. Ya tako tun daga Kebbe, ya zo har inda mutuncinsa ya yarda ya kawo shi, ya zauna yana jiran in cika sauran. Tsakanin tsamiyar da gidan nan, kai ka sani, in an yi kira da ƙarfi ana ji. Na ce wa wanzami ai ya san hanyar gidan, ba wanda ya tare shi. Wanzamin ya tsaya yana dubana kamar bai gane ni ba, ya ɗauki zabirarsa ya fita.

Aka yi addu'a, aka raɗa maka suna, maroƙa suka yi ta kururuwa, duk yana jiyowa daga inda yake. Aka yanka rago, aka ci, aka watse. Ina ta ce wa zuciyata yanzu zai gaji ya shigo, in ya shigo sai in yi kamar ban san ya daɗe ba. Da aka sallame azahar na fita da sauri ko takalmi ban sa daidai ba. Na tarar da gurbin zamansa a ƙasa. Mai sayar da igiya a wurin ya ce ya yi sallah, ya tambayi sunan da aka sa wa yaron, ya maimaita shi, ya yi addu'a, ya kama hanya. Ina da doki a ɗaure a gida, da na hau da na cim masa kafin ya yi nisa. Na koma gida na ce wa innarka kaina ke ciwo.

Ka duba abin da na yi maka, domin ba shi kaɗai na cuta ba. Ni al'ada ta hana ni ɗaukarka, ta hana ni yi maka wasa, ta hana ni yabonka ko ka yi abin yabo. Amma al'adar ba ta bar ɗan fari haka kawai ba, ta ba shi baffa. Shi ne zai ɗora ka a wuya, ya kira sunanka da ƙarfi a tsakar gida, ya saya maka rake, ya tsaya maka in na yi fushi. Na sha ganinka kana ƙarami kana tsaye a bakin zaure, kana kallon ƙannenka a kan cinyata. Mutumin da aka tanadar maka domin wannan, ni na bar shi a gindin tsamiya.

Saboda haka in Allah Ya ba ka gidan kanka, ga abin da nake so ka yi. Duk wanda ya girme ka, duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyinka, kada ka aika masa da baki, kada ka aika masa da katin nan da na ga yaran yanzu suna bugowa daga Zariya. Ka je. Kada ka taɓa ce wa naka ƙofa a buɗe take, ai ƙofar kasuwa ma a buɗe take. Wanda ka fi jin nauyin zuwa wurinsa, da shi za ka fara. In kuma ka yi kuskure da safe, ka gyara shi kafin la'asar, domin kowace shekara da na ƙara sai hanyar Kebbe ta ƙara mini tsawo. Mun yi ta haɗuwa a jana'iza da wurin karɓar jangali, muna gaisawa kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa a kasuwa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegarin tafiyarka na sayi goro, na ɗaura sirdi, na nufi Kebbe. Na tarar da shi kwance a inuwar ɗaki. Idanun sun tafi, ƙafafun sun kumbura, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa yanzu sai an tayar da shi. Na cire takalmi tun daga bakin danga, na durƙusa, na yi sallama. Ya juyo da kunnensa ya ce, "Ummaru na? Wa yam mutu?"

Na ce ba wanda ya mutu. Na ajiye ƙunshin a tafin hannunsa. Ya shafa ganyen, ya kwance, ya sansana, ya tambaye ni goron mene ne. Duk maganar da na shirya a kan hanya ta gudu. Na ce masa goron suna ne, an yi mana ƙaruwa, ga ɗanka ya zo. Ya yi ta juya goron a tafin hannunsa. Can ya ɓare ɗaya, ya kai baki, ya tauna a hankali da sauran haƙoransa. Sa'an nan ya ce yana fata dai jaririn bai riga ya yi gemu ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ni kuwa da furfurata na kifa kai a gefen tabarmarsa na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Ya ɗora hannu a kaina ya bar shi nan har na gama.

Da la'asar sakaliya shanu suka dawo. Ya sa ɗansa Jaɓɓi ya kai ni turke, ya nuna mini wasu da aka yi wa tsaga daban a kunne. Da na dawo na tambaye shi na wane ne, ya ce na ɗan farina ne, wato naka. Ashe ranar sunan nan ba hannu sake ya zo ba. Ya jawo karsana, mafi kyau a garkensa, ya ɗaure ta a wata ruga a bayan gari, yana jiran a shigo da shi ya je ya kwanto ta. Da ita ya koma. Ya yi kiwonta da sunanka, ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Ciwon bushiya ya ci wasu, ƙishirwa ta ci wasu, ya biya jangalin sauran kowace shekara, wani lokacin ma ina tsaye ina fassara. Ko a shekarar yunwa bai sayar da ɗaya ba. Na ce me ya hana ya aiko da su tuntuni. Ya ce a gidanmu ba a aika wa yaro saniyar suna kamar kayan kasuwa, baffa ke kama hannun yaron ya ɗora a bayanta, ya ce ga taka.

Da zan taso ya laluba ƙunshin nan, ya zaɓi goro biyu manya ya miƙo mini. Ya ce, "Kai mishi wanga da hannunka. Ba cewa nika yi in ya so shi taho ba. Kira nai nika yi. Ka ce mishi shi yi hanzari, ban ga alamar ni kai kaka ba."

Na duba jikinsa, kuma na ga gaskiya ya faɗa. Hutunka na farko ya yi masa nisa. An gaya mini makarantarku ba za ta buɗe ba sai bayan Sallah, kana da sararin da za ka dawo, ka je Kebbe, ka koma ka kama motar Gusau. Takardar nan ta riga ni ne kawai, domin kada in zo gabanka bakina ya mutu. Motar kasuwa mai zuwa ina cikinta, da goron a naɗe cikin ɗanyen ganye.

Ni ubanka ne, ina da ikon in ce maka tashi ka je, ka kuma tashi. Ba haka nake cewa ba. Ba kuma cewa nake na yardar maka ka je in ka ga dama ba. Roƙonka nake yi. Ka zo mu tafi tare, in riƙe maka linzami, ka ba tsohon nan hannunka tun yana da ƙarfin kama shi.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya sa ka fi ubanka hankali. Allah Ya ara wa Baffanka kwana har mu iso, Ya yafe mini abin da na yi muku ku biyu. Ka gaishe mini da mai masaukinka da kyau. Na bar ka a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Wassalam.

Mahaifinka,
Ummaru Tafinta, Tambuwal